Rijiyoyi kusa da kududdufin wankin zinare: me za a gwada, kuma burtsatse zai raba gardama?

Na Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu aikin ɗakin gwaji. A wani ƙauye da ke kudancin jihar Katsina ana niƙa dutsen zinare da inji a wanke. Ragowar garin dutsen da ruwan wankin duk ana tura su cikin wani kwari da aka datse da ganuwar ƙasa, babu shimfiɗar leda, babu daɓen yumɓu. Shekara ta huɗu ke nan, kuma faɗin wurin ya kai rabin filin ƙwallo. Da rani samansa kan yi farin ɓawo kamar kanwa, wani gefen rawaya-rawaya. Da damina kuma ruwan da ke tsattsafowa daga gindin ganuwar ja ne kamar tsatsa.

An auna rijiyoyi uku da na'urar awo ta hannu, wato mita, mai nuna pH (ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 7 tsami ne) da EC (ma'aunin yawan gishirin da ya narke a ruwa). Ta farko tana gangare, mita 80 daga ganuwar: pH 5.6, EC 1,450 µS/cm. Ta biyu ita ma gangare, mita 300: pH 6.3, EC 620. Ta uku tana kan tudu ta ɗaya ɓangaren, wajen mita 500: pH 6.1, EC 240. An ɗebi ruwan ta farkon a jarka an kai gwaji, takarda ta dawo cewa ba a ga dalma ba. Yanzu kwamitin gari na son a haƙa burtsatse kusa da rijiya ta farko, don nan ne jama'a suka fi yawa. Shin wannan takarda abin dogaro ce? Rijiya ta biyu na cikin haɗari? Kuma burtsatsen zai magance matsalar?

Injiniyan Dutsin-Ma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je maganar dalma, lambobin da ka kawo sun riga sun faɗi abu da yawa, amma a yi hattara da wanda za a riƙe. Kada ka dogara da pH shi kaɗai. Kudanci da tsakiyar jihar nan, su Funtua, Malumfashi, Ƙanƙara, Faskari har Dutsin-Ma, kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, kuma ruwan rijiyoyin irin wannan ƙasa yakan zo da ɗan tsami tun asali, ko babu mai haƙar komai a kusa. Ka ga ai ta kan tudun ma 6.1 ta ba ka. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne EC: 240 a sama, 1,450 a gindin kududdufi. Ninki shida ke nan. Wani abu na narkewa yana shiga ruwan.

Abin da ke faruwa a irin wannan tuli shi ne: jijiyar farin dutsen da zinare ke ciki takan zo da ma'adinai masu farar wuta, babbansu fayirait, wannan mai ƙyalli kamar tagulla da ke ruɗin sabon mahaƙi. Muddin yana binne cikin dutse ba ya komai. Da an niƙe shi ya zama gari, iska da ruwa suka same shi ta kowace fuska, sai ya rushe ya ba da abu uku: narkakken ƙarfe, salfet, da asid. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke son wurin tsami, su ke juya ƙarfen zuwa nau'in da shi ma yake cin fayirait, don haka da abin ya kankama sai ya riƙa ciyar da kansa. Jan ruwan gindin ganuwa ƙarfen nan ne ya haɗu da iska ya kwanta. Farin ɓawon rani kuwa ba kanwa ba ce, gishirin salfet ne na ƙarfe da sauransu, wanda zafin rana ya jawo sama ya busar. Duk tsawon rani yana taruwa, ruwan farko na damina ya narkar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa ruwan da ya fi kowane muni a shekara shi ne na makonnin farko na damina, kuma duk gwajin da aka yi da rani kaɗai ba ya ba da labarin wurin.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: gurɓatar ba ta tafiya a dunƙule, jere take yi kamar ayari. Salfet ne a gaba, don ƙasa ba ta riƙe shi sosai, kusan da gudun ruwan yake tafiya. Asid na baya, saboda ƙasar da yake ratsawa tana kashe mashi kaifi. Idan akwai ɗan dutsen laim a cikinta, pH kan tsaya wajen 6.5 zuwa 7 har sai ya ƙare, sannan ya sauko ya sake tsayawa wajen 4 da ɗoriya, sannan wajen 3. Tsohon dutsen namu ba shi da laim ɗin kirki, don haka wannan kariya ba ta daɗewa. Su dalma, kadmiyam, tutiya da jan ƙarfe suna bin bayan asid ɗin, don sai ruwa ya yi tsami suke zama a narke, in ba haka ba su manne jikin yumɓu da tsatsa. To rijiya mai EC sama da pH da ya fara sauka, rijiya ce da kan ayarin ya riga ya iso, sauran na hanya.

Game da rijiya ta biyu, 620 na iya zama daga kududdufin, na iya zama daga masai ko turken dabbobi. Rabewa ba wuya: a gwada salfet, kuloraid da naitiret tare. Masai kuloraid da naitiret yake ɗagawa. Garin dutse salfet yake ɗagawa ya bar kuloraid kusan yadda yake.

Sai ka tabbatar ina ruwan ke nufa, kada ka yi zato da gangaren ƙasa kawai. Ka samo tiyon magina mai haske na auna daidaito, ko ka ɗauko mai safiyo, a fitar da tsayin bakin kowace rijiya daga alama ɗaya. Da asuba, kafin a jefa guga, a auna zurfin fuskar ruwa daga baki da tef. Tsayin baki a debe zurfi, ka samu tsayin ruwa. Rijiyoyi uku sun isa in sun yi kusurwa uku. In a layi ɗaya suke, ka ƙara ta huɗu a gefe.

Ga lissafi na misali don ka ga girman abin. A ce ruɓaɓɓen dutsen wurin na wuce da ruwa mita 1 a rana, fuskar ruwa na sauka mita 1 a kowace 100, kuma kashi 10 cikin 100 na ƙasar ne ramukan da ruwa ke bi. Gudun ruwa zai zama 1 sau 0.01 a raba da 0.1, wato santimita 10 a rana, kimanin mita 36 a shekara, kimanin mita 145 a shekara huɗu. Da wannan lissafi ta farko ta shiga ciki, ta biyu da saura. Sai dai lissafin na rushewa inda akwai tsagar dutse, kuma jijiyar zinare ita kanta tsaga take bi. In salfet ya fito da yawa a ta biyu, to tsaga ce ke kai shi, kuma kwanakin da kake zato kana da su ba ka da su. Da a ce wajen Daura ne ko arewacin jiha inda yashi ya yi kauri, lissafin zai fi zama daidai, sai dai gudun ya fi haka.

Hajiyar Lab ta amsa:

Malam, takardar nan a ajiye ta gefe, ba don wani ya yi ƙarya ba. Matsala biyu ce.

Ta ɗaya jarkar. Ruwa mai narkakken ƙarfe in ya kwana a jarka da iska a samansa, ƙarfen kan zama tsatsa ya kwanta, kuma yana kwanciya ne da dalma da gubar asanik a jikinsa. Wani kuma ya manne a bangon jarkar. Mai gwaji ya tsiyayi na sama mai haske ya sa a na'ura, dole ya ce bai gani ba.

Ta biyu na'urar. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da ta Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun tsaya kan miligiram 0.01 na dalma a lita. Na'urar auna ƙarafa a ruwa da ake kira AAS, mai harshen wuta, wadda ita aka fi samu, ba ta iya ganin dalma da tabbaci a wannan ƙanƙanta, sai ya ninka haka sau da yawa. Ruwa na iya ɗauke da ninki uku na abin da aka yarda, ta ce babu. Saboda haka duk takardar da ta ce "ba a gani ba" ba tare da ta rubuta mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya gani ba, ba ta gaya maka komai ba. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya: da wace na'ura, kuma ina iyakarta? Dalma da kadmiyam na son AAS mai murhun girafait ko wata na'urar da ake kira ICP-MS. Asanik na son ICP-MS ko AAS mai haɗin haidiraid. Ka bincika manyan ɗakunan gwaji na Zariya da Kaduna, ka kira tukuna, don na'ura na iya kasancewa a wurin amma babu gas ko sinadarin daidaita ta.

Ga yadda ake ɗiba. Robobi sabbi na nau'in robar da ake kira HDPE, waɗanda lab ta jiƙa a asid ta ɗauraye, ba gorar lemo ba. A burtsatse a fara fitar da tsohon ruwan da ya kwana a bututu: bututu mai faɗin inci 4 na ɗaukar kusan lita 8 a kowace mita, in ruwa ya kai mita 20 lita 160 ke nan, a zubar da ninki uku, wajen lita 480, ko kuma a ci gaba har pH da EC su daina motsi a awo uku a jere. Rijiyar hannu mai faɗin mita 1 da ruwa mita 3 ta haura lita 2,300, ba mai kwashe wannan sau uku, don haka a ɗiba bayan mata sun gama ɗiban safe, sabon ruwa ya shigo. Guga ta roba, kada a yi da bokitin kwano, tutiyar jikinsa za ta ɓata sakamako.

Daga kowace rijiya roba huɗu. Ta farko a tace nan take da sirinji da mataci mai maikuron 0.45, a ɗiga asid naitirik mai tsabta, kimanin rabin mililita a mililita 250, har pH ya sauka ƙasa da 2. A tabbatar ta hanyar zuba ɗigo kan takardar pH, kada a tsoma takardar ciki. Wannan ita ke nuna abin da ya narke. Ta biyu asid ba tacewa, ita ke nuna abin da mutum ke haɗiya da gaske, tun da ba wanda ke tace ruwan rijiya da irin wannan mataci. Ta uku ba asid, a cika ta maƙil ba iska, don salfet, kuloraid, naitiret da sauran gishiri. Ta huɗu kwalbar gilashi don zaiba, tun da wajen wankin zinare da wuya a rasa ta, kuma ƙa'idarmu a kanta miligiram 0.001 ce. Duka cikin kula da ƙanƙara. Masu asid kan jure wata shida, zaiba da salfet kwana 28, naitiret kuwa kwana biyu ne, a yi saurin kai shi.

In akwai masu sayen ragowar garin suna jiƙa shi da sayanaid a wurin, a ƙara roba ta biyar mai duhu, a sa mata soda mai ƙuna har pH ya wuce 12, a kai cikin kwana 14. Don Allah kada a kuskura a ɗiga asid a wannan robar. Asid kan sayanaid iskar guba yake fitarwa, mai kisa.

A tafi da roba ɗaya ta tataccen ruwan lab, a buɗe ta a bakin rijiya a yi mata duk abin da aka yi wa sauran. In ta dawo da dalma, ƙurar wurin ce ko asid ɗin ya gurɓata, ba rijiya ba. A kuma raba ruwan rijiya ɗaya gida biyu da suna daban. In sakamakon ya bambanta sosai, ka san matsayin lab ɗin.

Mai Burtsatse ya amsa:

Ranka ya daɗe, burtsatse kusa da rijiya ta farko kuskure ne. Ruwan da ake samu a tsohon dutse mafi yawansa daga ruɓaɓɓen saman nan yake sauka cikin tsagogi, ba wani tafki ne daban a can ƙasa ba. Kana kunna famfo fuskar ruwa na lotsawa kewaye da ramin, duk abin da ke kusa ya gangaro. Wato da kuɗinku za ku jawo gurɓatar. Ga kuma aikin ganin ido da ake yi: a zura kesin, wato bututun da ke riƙe bangon ramin, a cika gefe da tsakuwa har sama, a yi daɓen siminti a baki. Tsakuwar nan hanya ce ɓuɗaɗɗiya daga ruwan saman ƙasa zuwa sikirin, wato bututu mai huda da ruwa ke shiga ta jikinsa.

A kai shi tudu, ɓangaren rijiya ta uku, a ja bututu zuwa tanki cikin gari. Kesin marar huda ya ratsa ruɓaɓɓen dutse duka ya zauna cikin mai tauri, tsakuwa ta tsaya ɗan sama da sikirin, a sa bentonait, wato yumɓu mai kumbura da ke toshe ruwa, a kanta, sannan a tura kunun siminti ta bututu daga ƙasa zuwa sama, ba a kwararo shi daga baki ba, don yakan toshe a rabi ya bar rami. Kududdufin kuma a watsa mashi laim, asid ya mutu, shi ke nan.

Injiniyan Dutsin-Ma ya sake amsawa:

Maganar burtsatsen na yarda da ita ɗari bisa ɗari, Alhaji. Ta laim ce ke da gyara. Kilo ɗaya na fayirait in ya gama rushewa yana ba da asid salfurik wajen kilo 1.6. Lissafin da ake amfani da shi: kowane kashi 1 cikin 100 na farar wuta a garin dutse na buƙatar kilo 31.25 na dutsen laim a kowane tan. Tuli mai tan 500 da kashi 2 cikin 100 zai ci sama da tan 31, kuma sai an cuɗa shi ciki. Wanda aka watsa a sama ko aka zuba a magudana, tsatsa kan lulluɓe shi cikin ɗan lokaci ya daina aiki, kana ganinsa amma a banza.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Ɗaga pH na kama dalma da jan ƙarfe, amma asanik ba haka yake ba. Shi yakan saki jikin tsatsa ne in pH ya haura 8 da ɗoriya, ko in iska ta ƙare a ƙasan laka tsatsar ta narke. Dutsen zinare kuma sau da yawa yana zuwa da ma'adinin asanik. Ruwa na iya zama garau, ba tsami, ba ɗanɗano, yana ɗauke da asanik fiye da miligiram 0.01 da aka yarda. Don haka a gwada garin dutsen kansa kafin a zuba komai.

Abin da ya fi laim sauƙi da amfani shi ne hana ruwa da iska shiga. A haƙa lambatu ta saman kwarin don ruwan tudu ya kewaye tulin. A kankare farin ɓawon nan kafin damina, a jiƙe, da takunkumi, a binne a rami mai daɓen yumɓu nesa da rijiya. Ɓangaren da aka daina zubawa a gyara shi ya yi doro, a rufe da yumɓu daɓaɓɓe wajen rabin mita, marmara a kai don kada ya tsage da rani.

Ma'aikaciyar Lafiya, Daura ta amsa:

Yayyena, kada idonmu ya tsaya kan rijiya kawai. A Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma, kuma babbar hanyar da ta bi ba ruwa ba ce, ƙura ce. Ana niƙa dutsen a bushe, har cikin gidaje, garin ya zauna a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. Aikin tsabtacewar ma kankare saman ƙasa aka yi aka zuba sabuwa. Abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Dalma ba ya son narkewa a ruwan da ba tsami, don haka gwajin ruwa na iya fitowa lafiya alhali ƙasar da yara ke wasa cike take da shi, kuma iskar hunturu na kwasar busasshen tulin nan ta zuba cikin buɗaɗɗun rijiyoyi.

A gwada ƙasar tsakar gida, da ta wajen injin, da na'urar XRF ta hannu, mai nuna ƙarafan da ke cikin ƙasa nan take. A gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Daga maikurogiram 5 a desilita sai a nemo inda gubar ke fitowa a raba yaro da ita, daga 45 kuma maganar maganin fitar da ita ce a hannun likita. Injin da ya niƙa dutse kada ya sake niƙa hatsi, buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki gero. Kuma a faɗa wa mata tafasa ruwa ba ya cire dalma ko asanik, ƙafewa ma ƙara masu ƙarfi take. Alam na kwantar da laka da abin da ya manne mata, ba ya ba da tabbaci kan wanda ya narke.

Na Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki duk wannan a lokaci ɗaya ba. Da wanne za a fara?

Hajiyar Lab ta amsa:

A daina shan ruwan rijiya ta farko tun yau, EC ɗinta ma ya wuce 1,000 da ƙa'idarmu ta yarda, ba sai an jira lab ba. Salfet ana iya leƙa shi a bakin rijiya: ruwa a kwalbar gwaji, ɗigon asid haidurokulorik, sannan ɗigon bariyam kuloraid. In ya yi fari kamar an ɗiga madara, salfet na da yawa. A jera na rijiyoyin uku a kwatanta da ido. Kuɗin lab a kashe shi kan dalma, asanik, kadmiyam da zaiba a ta biyu da ta uku, tun da su za a ci gaba da sha, sau biyu: ƙarshen rani, da mako biyu zuwa uku bayan ruwa ya zauna. Mitar EC kuma a ba wani malamin makaranta ya riƙa auna ta biyun duk Juma'a da safe yana rubutawa a littafi, ana daidaita mitar da ruwan daidaitawa mai EC 1,413 sau ɗaya a wata. In lambar ta yi ta hawa mako huɗu a jere, a rufe ta ita ma, a kai littafin da takardun gwajin ofishin RUWASSA, hukumar ruwa da tsabtar karkara, da na NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli, a Katsina.